Aljanar da Ba Ta Rabuwa

A zamanin da fatake ke taka hanyar Gwanja da ƙafa, an yi waɗansu tsofaffi mata biyu a garin Kukar Bage, 'yan tagwaye, Hassana da Usaina. Mazansu sun rasu, suka tattara suka koma ɗakin uwarsu, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya. Usaina na da ɗa guda, Jatau, wanda ya bi fatake tun yana saurayi, ya zauna can Gwanja ya tara iyali. Hassana kuwa Allah bai nufe ta da haihuwa ba. In ka cire Usaina daga rayuwarta, to ba abin da ya rage sai ita da zanen jikinta.

Sana'ar Hassana rabo. In ana suna ko ɗaurin aure ita ake kira ta kasa goro, don hannunta ba ya cuta, ko ɓari ɗaya ba ta yarda kashin wani ya fi na wani. Sai dai fa akwai gaggawa, akwai kuma baki. Kafin ka kai ƙarshen magana ta ba ka amsa, ko ta gane ko ba ta gane ba.

Ana nan sai ga Jatau ya iso da ayari, ya ce ya zo ɗaukar tsohuwarsa ta je ta ƙarasa kwanakinta cikin jikoki.

"Ni fa?" in ji Hassana.

Jatau ya sunkuyar da kai. "Inna, takarkari ɗaya ne abin hawana, madugu kuma ya rantse ba ya tafiya da tsohuwa a ƙasa. In Allah ya kai mu wata shekara, na dawo miki."

"Wata shekara! Ka ji ɗan nema. Kai da ka tafi ba gemu ka dawo da furfura, wace shekara kake nufi?"

Ta juya wajen Usaina, tana jiran ta ce ba ta zuwa. Usaina na ta ninke zannuwa, ba ta ɗaga kai ba. Can ta ce, "'Yar'uwa, yaron nan ya yi nisa. Jikokina ban san kamanninsu ba."

Hassana ta miƙe. Ta ja mayafi ta fita bayan gari da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya yawo, ta zauna gindin gawo ta yi kuka har ta gode wa Allah. Ayari zai tashi da zarar an gama sayar da kaya, kuma ta san in Usaina ta hau takarkarin nan sai dai a lahira.

Tana cikin kukan sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai ta ga wani dogon tsoho siriri kamar taɓarya, riƙe da ƙwaryar gurjiya. Rana na dukansa, amma ba shi da inuwa.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "an ce ke ce mai rabon garin nan. Kasa mini wannan daidai wa daida, kada ƙwaya ta saura."

Tsoro ya kama ta, amma sana'a ta fi tsoro ƙarfi. Ta shimfiɗa mayafi ta kasa kashi biyu, ɗaya ta saura. Ta kasa uku, ɗaya ta saura. Ta kasa biyar, biyu suka saura. Ta kasa bakwai, shida suka yi zuru suna kallonta. Ta yi ta juyawa har gumi ya jiƙa ta.

"Malam, wannan gurjiyar taka ba ta rabuwa."

"Haka take. Ita ma ƙaramar baiwa ce a ƙasarmu. Can gaba akwai uwargijiya wadda tun da aka halicce ta ba abin da ya taɓa raba ta."

Hassana ta miƙe zumbur. "Ba ta rabuwa? Tana kuma iya hana a raba wasu?"

"Tana iyawa."

Da ni ne, wallahi da na ƙara tambaya ko da guda ce. Ita kuwa sai ta ce, "Kai ni."

Tsohon ya kifar da ƙwaryar. Gurjiya ta watse, ta jeru sahu guda, kowace ƙwaya ta kumbura ta zama gida da zaure da katanga. Gawo ya ɓace, Kukar Bage ta ɓace. Sai layin gidaje ya miƙe gabas, ido bai ga ƙarshensa ba.

"Sunana Ɗaya," in ji tsohon, "ni ne mai ƙofar ƙasar nan. Kowane gida da aljaninsa, sunan kowa lambarsa. Dokarmu guda ce: wanda ya iya raba mai gida daidai ba saura, shi ke da ikon shiga ya ci tuwo. Wanda bai iya ba, ƙofa ba ta san shi ba."

Ya nuna mata gidan Sha Biyu. Hayaƙi na tashi, ana ta shewa, ga Biyu ga Uku ga Huɗu ga Shida sun kewaye akushi. Ya nuna mata gidan Bakwai. Tsakar gida a share fes, ba takalmi ko ɗaya a bakin zaure, mai gidan na zaune shi kaɗai ya rafka tagumi.

"Irin waɗannan su muke kira Tilo. Ba mai raba su sai ni da su kansu, ni kuwa leƙawa nake in wuce, don kowane gida sai na leƙa. Wadda kike nema babba ce a cikinsu. Karɓi wannan." Ya miƙa mata wata tsohuwar rariya. "In ƙasa ta ƙi riƙe ki, tankaɗe. Kada ki yi gajen haƙuri."

Ta kama hanya. Ba ta yi nisa ba ta ji mai gidan Bakwai ya ɗaga murya yana zolayar Sha Ɗaya, gida uku tsakaninsu. "Kai mai ƙafafun kara, har yau ba ka yi baƙo ba?" Wancan ya mayar masa daga bayan katanga, "Kai da ka yi, nuna mini takalminsa!" Aka ce mata taubasai ne, duk Tilo biyun da huɗu ce tazararsu haka suke wasa. Ta lura dariyar tasu ba ta daɗewa, da sun yi shiru kowa ya koma tagumi.

A ƙofar gidan Arba'in da Bakwai ta tarar da wata tsohuwar aljana tana rera kuka a hankali. Hassana ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, me ya yi zafi?"

"Zuriyata ce ta yanke, ya ke baƙuwa. A cikinmu akwai masu haihuwa. A ninka aljani a ƙara ɗaya, abin da ya fito shi ne abin da ya haifa. Biyu ta haifi Biyar, Biyar ta haifi Sha Ɗaya, shi ya ba da Ashirin da Uku, ita ta haife ni, dukanmu Tilo. Ni da na haihu sai na haifi Casa'in da Biyar. Ina ganinta na san ba tawa ba ce. Biyar ta shigo ta raba ta, Sha Tara ya shigo ya raba ta. Yau tana can cikin jama'a tana cin tuwo, ba ta ma san ina nan ba."

Hassana ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ta so ta zauna ta taya ta, don ta san zafin ɗaki ba ɗa, amma ayari na ranta. Ta wuce tana waiwaye.

Daga nan layin ya gangara cikin kogin yashi. Gidajen suka nutse, ba abin da ke waje sai duwatsun kan soraye, jere, kowane na kiran sunansa da ƙaramar murya. Yashin kuwa na tafasa yana haɗiye duk abin da ya faɗa. Ta ɗauki tsinke ta jefa, ko ƙiftawa ba ta yi ba ya tafi. Ta taɓa dutse na farko da ɗan yatsan ƙafa, ya dare biyu.

Sai ta tuna rariya. Ta ɗebi yashi ta tankaɗe da sunan Biyu, duk dangin Biyu suka nutse, rabin duwatsun ke nan. Ta sake, dangin Uku suka bi su. Ta sake, dangin Biyar suka tafi. Ta dubi sauran ta ce, "To, ai ya isa haka." Kun ji gaggawar da nake faɗa.

Ta dira kan Hamsin da Uku, ya riƙe ta. Hamsin da Tara, Sittin da Ɗaya, tana ta tsalle da tsufanta, zane a ɗaure tamau. Ta kai Tamanin da Tara, ta hango Casa'in da Ɗaya ya yi zaune shi kaɗai kamar na kirki, ta taka. Ai kuwa sai ya tsage gida bakwai. Ta zurma har ƙugu, yashi ya kama ta yana ja, zafi kamar an zuba mata rushi.

"Wayyo Usaina!"

Da kyar ta cafko gefen Tamanin da Tara ta ja jikinta ta hau. Dutsen ya ce, "Ya ke mai gaggawa, wancan ɗan Bakwai ne da Sha Uku. Kama ya yi da mu, ba namu ba ne. Irinsa sun ci mutane da yawa."

Ta zauna tana huci, ƙafafu duk sun saɓule. Ta sake tankaɗewa da sunan Bakwai, ta ga duwatsun da suka nutse, har da waɗanda sa'a kawai ta tsallakar da ita daga kansu. Tsakaninta da Casa'in da Bakwai fili ne fetal. Ta yi bismilla ta rufe ido ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa.

A hayin kogi wani ƙaton aljani ya tare hanya, fuska gaba fuska baya, iri ɗaya sak.

"Ni ne Ɗari da Ɗaya. Ka faro ni ta kai ko ta wutsiya, ni ne dai. Ba mai wucewa sai ya gaishe ni ta gabana. Wanda ya gaida ƙeyata, na taka shi."

Hassana ta kewaya shi ta kewaya, ba bambanci. Sai ta koma gefe ta durƙusa daidai kafaɗarsa. "Ranka ya daɗe, na gaida na dama, na gaida na hagu. Wanda ya san shi ne gaba ya amsa."

Bakunan biyu suka amsa tare, sannan suka kama gardama a kan wanda aka fara gayarwa. Ta sulale ta bar su.

Ta isa gidan Ɗari da Ashirin da Bakwai, wani aljani mai rawanin guguwa. Da ya ji wadda take nema sai ya miƙe tsaye don girmamawa.

"Jininmu ɗaya da ita. Mu 'yan ninki ne. A ɗauki ƙwaya a ninka, a sake ninkawa, a yi ta yi, sannan a cire ƙwaya ɗaya. Ni sau bakwai aka ninka, ita sau talatin da ɗaya. Kada ki ga kusa a baki. In da ƙafa za ki, jikokin jikokinki ba za su kai ba. Ban taɓa ganinta ba, ita ma ba ta taɓa ganina ba. In kin isa, ki ce wani ɗan'uwa can baya yana gaisuwa."

Ya warware rawaninsa ya naɗe ta, guguwa ta yi sama da ita. Daga can tana hango layin, gidajen jama'a baƙi ƙirin da hayaƙi, gidajen Tilo farare tas. Da farko fararen kusa-kusa suke. Tana gaba suna ƙara nisa da juna, sai ta daɗe ba ta ga ko ɗaya ba, har ta ce sun ƙare, sai kuma wani ya ɓullo shi kaɗai. Ba su ƙare ba, ba kuma za su ƙare ba, sai dai kowane ya fi na bayansa kaɗaici.

Guguwa ta gaji ta sauke ta a wata unguwa ta manyan gidaje. Ko'ina ƙamshin miya, ko'ina kiɗa da guɗa. Yunwa ta ci ta, ƙishirwa ta ci ta. Ta tsaya bakin wani zaure ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta matsa na gaba ta yi, ba a amsa ba. Aljanu na shiga suna fita suna goga mata kafaɗa, ba wanda ya dube ta, don ba ta raba kowa a cikinsu, ba ta da gurbi a akushin kowa. Ita da a Kukar Bage ba a buɗe huhun goro sai ta zo! Ta zauna a gefen hanya ta rungume gwiwoyinta. A ranta ta ce haka ɗakin nan zai zama in Usaina ta tafi, gari cike da mutane, ba mai cewa ina kika kwana. Wannan tunanin ne ya tashe ta ta ci gaba.

Can ta hango wani farin gida wanda katangarsa ta shige gajimare. Zauren a buɗe, ba takalmi. Ta yi sallama, wata murya ta amsa daga sama, a hankali, kamar ta wanda ya manta yadda ake amsawa.

A tsakar gida ta ga tsibin gero ya kai tsawon dutse, sai da ta ja baya ta gane mace ce a zaune, jikinta duk ƙwayoyin gero, suna zuba suna komawa, ba wadda ke faɗuwa ƙasa.

"Wace ce ke da kika shigo ba ki raba ni ba?"

"Ranki ya daɗe, 'yar Adam ce, dokarku ba ta hau kaina ba. Hassana sunana. Wani ɗan'uwanki can baya yana gaisuwa."

Geron ya yi wata irin girgiza. "Ashe akwai mai gaishe ni. Ni ce Biliyan Biyu da Miliyan Ɗari da Arba'in da Bakwai da Dubu Ɗari Huɗu da Tamanin da Uku da Ɗari Shida da Arba'in da Bakwai. Biyu ta zo raba ni, ɗaya ta saura. Uku ya zo, ɗaya ta saura. Biyar ta zo, biyu suka saura. Haka Tilo suka yi ta zuwa bi da bi har aka kai kan mai lamba dubu arba'in da shida da 'yan kai, kowa ya koma da kunya, daga nan ba sauran mai iya gwadawa. Na nemi uwa, na tarar Uku ya raba ta. Na haifi 'ya, Uku da Biyar suka raba ta. Taubashi ba ni da shi, gaba da baya. Me ya kawo ki?"

Hassana ta zube ta faɗi komai, Usaina da Jatau da takarkari. "Abin da ya hana ki rabuwa nake roƙo, ranki ya daɗe. Kada a raba ni da 'yar'uwata."

"Ke tagwai ce?" in ji aljanar. "To yi mini aiki guda tukuna. A ƙasar nan, Tilo biyu da gida ɗaya ne tak a tsakaninsu, su muke kira tagwaye. Manyan Tilo irina ba sa fita gidansu, ban taɓa ganin abin da ke bayan katangata ba. Tsallake gida ɗaya gaba ki leƙa, tsallake ɗaya baya ki leƙa. Ki gaya mini ko ina da 'yar'uwa."

Hassana ta fita. Gidan maƙwabta kaɗai sai da ta yi tafiyar da ta gajiyar da ita kafin ta wuce katangarsa. Ta leƙa na gaba da shi, ta ji tsit yake, fari-fari, ta ce ko an dace. Sai ta ga takalma a lungu. Uku ne zaune shi da wani ƙaton aljani, su biyu rak, suna cin tuwo. Ta dawo ta yi baya. Nan ko leƙawa ba ta yi ba, Biyar na bakin zaure tana wanke hannu.

A hanyar dawowa zuciya ta ce mata, ki ce akwai mana, wa zai tona? Ta ji daɗi ta biya miki buƙata. Hassana ta daɗe tsaye a zaure. Amma matar da ba ta taɓa cutar kowa da ɓarin goro ba, ba ta iya ba.

"Ranki ya daɗe, babu. Na gaba Uku ya raba shi, na baya Biyar ta raba shi."

 Geron fuskar aljanar ya yi ta gangarowa yana komawa. Hassana ma ta share nata hawayen.

"Na gode da gaskiya," in ji aljanar. "Dama na zata. Ke kuwa da kike da tagwai, ba zan bari ki rasa ba. Can gaba akwai gidajen tagwaye biyu da ba a riga an zauna ba. Zan sa ki a ɗaya, in sa 'yar'uwarki a ɗaya. Ba tsufa, ba ciwo, ba kuma mai raba ku har abada. Amma ki saurara, sharaɗin Tilo shi ne…"

"Na yarda! Na rantse na yarda!"

"Ba ki ji sharaɗin ba."

"Kin ce ba mai raba mu. Ya ishe ni."

Kai, Hassana, Hassana! Aljanar ta tafa hannu.

Sai ga Hassana tsaye a tsakar wani farin gida, a share fes. Ciwon gwiwa ya tafi, ƙunar yashi ta warke, yunwa ta ɗauke. Ta yi dariya ta ruga zaure tana kiran Usaina. Ƙofa a buɗe take, amma ƙafarta ta ƙi tsallake dokin ƙofa. Ta gwada ta gwada, kamar an kafe ta. Ta koma ta bi katanga tana lalube, ba kafa ko ta ɓera. Bayan katangar ga wani gida ya tokare sama, Biyu da Uku da Shida da tarin danginsu na ciki suna shagali, don gidan da ke tsakanin tagwaye kullum a cike yake.

"Usaina! 'Yar'uwa! Ga ni nan!"

Kiɗa ya haɗiye muryarta. Ta manna kunne a katanga tana jira. Da makaɗa suka tsagaita, sai ta jiyo wata 'yar murya can nesa, ta tsallako ƙaton gidan da kyar. Ta san muryar tun suna ciki ɗaya. Kuka take, tana kira. Hassana ta ƙara manna kunne don ta ji sunanta.

"Jatau! Jatau! Wayyo Jatau, ina kake?"

 Jatau ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna Usaina ba ta taɓa kama shi da bakinta ba, sai dai yaron nan, sai dai wancan, ko a ɗaki su biyu. Yau ga ta tana kwarara shi da iya ƙarfinta, kunyar shekara da shekaru ta zube. Hassana ta jira ko za a kira ta ita ma. An kira ta, sau ɗaya, sannan aka koma Jatau.

Ta zame ta zauna a ƙasa. Ta buga ƙasa da tafin hannu ta ce, "Ranki ya daɗe, ba haka na ce ba! Na ce kada a raba mu!"

Muryar aljanar ta taso daga ƙarƙashin ƙasa. "Ba a raba ku ba, ya ke 'yar Adam. Ke ba mai kasa ki, ita ba mai kasa ta. Ba wanda zai shiga ya ɗauki kashi a cikinku, ko ɗa ko jika. Duk mai kiran gidanki zai kira nata. Abin da na fi so a duniya shi na ba ki."

"Mu a wurinmu rabuwa ita ce in miƙa hannu in ji ba ta nan."

Aljanar ta ce, "A ƙasarmu kalmar ma'ana ɗaya gare ta. Ban san da ta biyun ba."

"Mai da mu gida."

"Rantsuwa ba ta komawa fanko. 'Yar'uwarki ba ta rantse ba, ina iya mai da ita, ayari bai tashi ba tukuna. Bakin da ya rantse shi zai zauna. Amma ki yi tunani, wannan karon ki ji ƙarshen magana. In tana nan, za ki riƙa jin muryarta duk sa'ad da kiɗa ya tsaya, har abada. In ta tafi, gidan can zai zama kango, ba kuma wanda zai sake shigarsa. Ni da zan sami murya ɗaya a bayan katanga, ko ta kuka ce, da ban sake ta ba."

Hassana ba ta amsa da wuri ba. Karon farko ke nan a rayuwarta. Ta koma ta manna kunne, ta saurari muryar nan ta ƙoshi, yadda take karyewa a ƙarshen suna, yadda take jan numfashi irin na uwarsu. Tana so ta riƙe. Wallahi tana so, kada wani ya ce muku abin ya zo mata da sauƙi. Muryar ta fara dushewa, amma ba ta daina kiran yaron ba.

"Ranki ya daɗe," in ji Hassana, "mai da ita. Ki sa ta a kan tabarmarmu, ta ɗauka mafarki ta yi. Kada ta san ni na jawo."

"Kin ji ƙarshen maganar?"

"Na ji."

Aka tafa hannu can ƙarƙashin ƙasa.

Makaɗan gidan tsakiya suka ɗauki wani sabon kiɗa, aka yi ta guɗa ana ta rawa. Hassana na tsaye, kunne a katanga, tana jiran su gaji. Da suka tsagaita ta riƙe numfashi. Ba kuka, ba kira, ba komai. Ta ƙara jira ko da saura, shiru dai.

"Alhamdu lillahi," in ji ta, "ta isa."

Ta juya ta dubi farar tsakar gidan, ba abin sharewa, ba abin kasawa. Ta zauna ta jingina bayanta da katangar ɓangaren Usaina, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukanta a hankali, ko da yake yanzu ba mai ji.